Murfin Gotar Lungunmu

Nima, Accra
10 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Mubarika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara duka. Yaya ciwon gwiwar? Yaya ruwa a Kumasi? Mu nan ya ishe mu, amma ba a faɗin haka, sai dai alhamdu lillahi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko sunana nake ƙyuyar rubutawa. Kin dai san gidan hayarmu, ɗaki goma sha ɗaya a tsakar gida ɗaya, in na yi tari sai a ce mini sannu daga ɗakin ƙarshe. Abin da ke bakina ba na waya ba ne. Shi ya sa na ba Garuba direba takardar nan, na ce masa hannu da hannu.

Kin ji cewa maigidana Baban Latifa ya faɗi da keke. Yau kwanansa huɗu a babban asibiti. Kansa lafiya, hular kwanon nan da nake yi wa dariya ita ta tsare shi. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Likita ya soka masa allura a tafin ƙafa ina kallo, shi kuwa yana ta tambayata ko an kai wa masu shayi burodinsu.

Bari in faro miki daga tushe, don rabonki da Nima an daɗe. Kin tuna hanyar nan mai faɗi da ke bi ta filin gaban gidanmu ta ɓulle titin Kawukudi? An sayar da filin kafin azumi, wanda ya saya ya zagaye shi da katanga. An je an roƙe shi ya bar ko taku uku na wucewa, ya ce ai shi ba hanya ya saya wa jama'a ba. Saura mana lungun bayan gida kawai, wanda ke bin gefen gota, magudanar ruwan nan. Mai tafiya da ƙafa ma sai ya karkace, balle mai keke da akwatin burodi a baya.

Baban Latifa bai damu ba, kin san shi da keken nan. Keken hawan duwatsu ne na hannu, mai ƙatuwar taya da giya rututu. Ran Lahadi shi da abokansa su hau har tsaunukan Aburi, su dawo buɗu-buɗu da jar laka suna murna kamar an yi musu albishir. 'Yan unguwa Obroni suke ce masa, wato Bature, saboda hular da rigar ledarsa. Abin alfaharinsa ɗaya ne: in ruwa ya tsuge kowa ya fake, shi ba ya fakewa, burodi zai isa a bushe. A tsakiyar lungun akwai inda simintin gota ya karye ya bar rami. Shi da kansa ya samo faifan ƙarfe wurin mai walda ya rufe wurin, a kansa yake bi sau huɗu kullum.

To, tun da aka yi katangar, masu aboboya, baburan nan masu ƙafa uku da ke kwashe bola, ba sa iya shigowa. Bola ta taru mana a bokitai har da tsutsa. Ke ma a nan kika girma, kin san abin da ake yi: da ruwa ya kankama kowa ya fito da bolarsa ya juye a gota, ruwa ya tafi da ita. Haka Mma ta yi, haka muka taso muka gani. Baban Latifa kaɗai ne ba ya so. Yana cikin masu yashe gota ran Asabar, ya sha ce mini duk abin da zan yi in yi, ban da wannan.

Ran Alhamis bayan azahar aka fara ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya fita kai burodin yamma. Na dubi bokitan nan, na dubi sama, na ce yau kam sai na huta da wari. Babu inda za a juye sai ramin nan. Na fita, lungu babu kowa, na ciccibi ƙarfen na jingina shi da bango, na juye bokiti biyu. Na koma ɗauko na uku sai na tarar ruwa ya tsallake dokin ƙofa ya shiga ɗaki. Na hau ɗage katifa, na kwashe littattafan Latifa, na shiga kwarfar ruwa da roba.

Yaya, ban koma na mayar da ƙarfen ba. Wallahi mantawa na yi.

Ruwa ya cika lungun har ƙauri, ba a ganin ƙasa. Ya shigo da gudunsa ta inda ya saba, ya san ƙarfensa na nan. Tayar gaba ta faɗa ramin, keken ya wurga shi, bayansa ya sauka a gefen siminti. Ƙarfen kuma ruwa ya ja shi, ba a gan shi ba har yau. Kowa na cewa sace shi aka yi.

Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ki yi mana addu'a, kada kuma ki kira ni a kan maganar nan. Ki gaida Malam, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Ruhaina


Nima
24 ga Yuni

Yaya Mubarika,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na gode da man zafi da kika aiko, Allah ya bar zumunci. Amsarki ba ta iso ba tukuna, amma ba zan iya jira ba.

Likitoci sun gama dube-dubensu. Ƙashin baya ne. Ba su ce ba zai sake tafiya ba, ba su kuma ce zai yi ba, sai su ce a ci gaba da addu'a. Likita in ya koma yi miki wa'azi, ai kin san inda aka kwana. Baban Latifa bai yi kuka ba. Ya tambaya ko keken ya yi rai, aka ce tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifai, sai ya juya fuska bango.

Surukata Hajiya Sala ta tare a wurinmu. Ita ke asibiti da safe, ni da yamma. Ba ta taɓa yi mini kirki irin na kwanakin nan ba. Har abinci take tura mini gaba, wai in ci don ni ce ƙafafun ɗanta yanzu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wani bawan Allah Sulemana mai kwandem, wato mai sayen tsofaffin ƙarafa. Dattijo ne, ya haura hamsin, daga arewa ya zo, yana zaune da iyalinsa a Maamobi. Shekara da shekaru yana tura kurarsa a lungunan nan, ba a taɓa jin ya ɗauki ko cokalin wani ba. Laifinsa ɗaya, kwanakin baya ya taɓa tambaya ko ƙarfen nan na sayarwa ne, aka ce a'a, ya wuce. Wani ya tuna da wannan a bes ɗin samari, inda suke zaman shan ataya. Kafin a shanye butar, magana ta zama an gan shi da ƙarfen.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci suka tare shi a bakin lungunmu. Suka zazzage kurarsa, ba su ga komai ba sai tsohon risho da ƙafar fanka. Suka ce ai ya riga ya kai kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie an narkar. Yana rantsuwa da Hausarsa da Dagbancinsa, suna dukansa. Har da abokan hawan keken Baban Latifa, mutanen da na sha dafa wa shinkafa da wake. Wani ya ɗauko famfon keke yana maka masa. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuwa yana tsaye a ƙofar gida da ludayi a hannu.

Na buɗe baki, Yaya. Wallahi na buɗe. Sai na ji hannun Hajiya a kafaɗata tana cewa in shiga ciki, kada in ga abin da zai ƙara mini baƙin ciki. Na kuwa bi ta na shiga. Wannan shigar ta fi ɗaga ƙarfen muni, don shi mantuwa ce, ita kuwa da hankalina na yi ta.

Limamin masallacinmu ne ya ƙwace shi da ƙyar. An karya masa hannun dama, idonsa ɗaya kuma an ce da wuya ya sake gani da shi. Washegari mai unguwa ya yanke cewa kada a sake ganin kurarsa a Nima. A nan yake samun abin da yake ci da 'ya'ya biyar.

Ina jin haushin mai katanga, ina jin haushin samarin nan marasa aikin yi, har Mma ina jin haushinta a kabarinta da ta koya mana zubar da bola a ruwa, Allah ya yafe mini. Amma duk inda na kai haushin sai ya dawo ya same ni. In na faɗa, Hajiya ba za ta bar ni in ƙara kwana a ɗakin ɗanta ba, kuma ban san da wane ido zai dube ni ba. In na yi shiru, bawan Allah ya zama ɓarawo har ya mutu. Ki gaya mini abin da zan yi, ke ce uwata yanzu.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Ruhaina


Nima
21 ga Yuli

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta same ni, na karanta ta sau uku a banɗaki, don can ne kawai ba a leƙa ni. Kin ce gaskiya ɗaya ce, in fara da mijina, abin da ya yanke shi ke nan. Faɗa da sauƙi daga Kumasi. Amma na ji maganarki, na kuma yi.

An sallamo shi kwana tara da suka wuce. Mutum huɗu suka ɗauko shi a kan ƙyaure, saboda keken guragu ba ya shiga lungun. Tun da aka kwantar da shi bai ga rana ba sai ta taga. Ni ke juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ni ke masa wanka, ni ke kwashe abin da ba a faɗa. Mutumin da ke hawa Aburi bai sauka ya tura ba, yau sai na ɗaga masa ƙafa kamar itacen girki. Abokansa sun gyara keken sun kawo, ya ce a rataye masa a bango inda zai riƙa gani. Bai yarda a sayar ba.

Shekaranjiya da hantsi Hajiya ta tafi kasuwa, Latifa na makaranta. Ina goge masa baya, fuskarsa na kallon bango, sai na ga ba zan sami dama irin wannan ba, don ba zan iya faɗa yana kallona ba. Na faɗa masa duka, tun daga bokitin farko har zuwa ludayin da ke hannuna ranar da aka doki Sulemana.

Na so ya zage ni. Na so ya ce in tattara kayana, da na san an hukunta ni na huta. Da ya buɗe baki sai ya tambaye ni wa na gaya wa. Na ce ke kaɗai. Ya ce to ya tsaya a nan. Na ce Sulemana fa? Ya ce in juyo da shi. Na juyo da shi, ya dube ni, wallahi ban ga fushi a idonsa ba, tsoro na gani. Ya ce, “Ruhaina, in kin faɗa, Hajiya da 'yan'uwana za su kore ki kafin la'asar. In sun kore ki, wa zai juya ni?”

Hajiya ba ta iya ɗaga shi, 'yan'uwansa kuwa gaisuwar tsaye suke yi su toshe hanci su fita. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba muddin yana raye. Na rantse.

Tun ranar bai sake tayar da maganar ba. Yana ce mini sannu in na gama aiki, yana cin abin da na ba shi. Amma ya daina tsokanata, ya daina kirana da sunan da yake kirana. Jiya aka yi ruwa, na ga yana bina da ido har na zauna, bai ɗauke ba sai da aka ɗauke ruwan.

Na zaci in na faɗa zan ji sauƙi. Da ni kaɗai ke ɗauke da kayan, yanzu na ɗora wa marar lafiya rabi, kuma nawa bai ragu ba.

Ki gaida Malam, ki ce ya sa mu a addu'a, amma kada ki gaya masa dalili.

Ƙanwarki,
Ruhaina


Nima
4 ga Agusta

Yaya Mubarika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ya yara, ya hidima? Jikin Baban Latifa yana nan yadda yake, sai godiya.

Ran Laraba muka yi baƙuwa. Fa'iza sunanta, matar Sulemana. Ban taɓa ganinta ba. Wata 'yar siririya ce, ta zo da kokon da ta dama a kwano da ƙosai a takarda, wai ta zo duba marar lafiya. Hajiya ta tashi za ta kore ta, liman da ya rako ta ya ce a bari ta faɗi abin da ya kawo ta. Ashe mai unguwa ya ce in Baban Latifa ya furta da bakinsa a gaban shaida cewa ya haƙura, za a bar Sulemana ya dawo da kurarsa.

Ta durƙusa a bakin katifa. Ta ce hannun mijinta ya ɗoru a karkace, idon ya tafi, babban ɗansu ya bar makaranta saboda ana kiransa ɗan ɓarawo. Ta ce ko a Maamobi yanzu in ya tsaya a ƙofar gida sai a janye tukwane. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta share hanci a bayan labule.

Baban Latifa ya dubi rufin ɗaki, ya ce ya yafe wa Sulemana duniya da lahira. Liman ya ce alhamdu lillahi, Hajiya ta ce ɗanta ya fi ta zuciya. Sai matar nan ta ɗago kai ta ce da irin Hausarsu, “Maigida, ni ba yafiya na zo nema ba. Mutum da bai yi sata ba ko kaɗan kraa, me za a yafe shi? Ka ce ba shi ne ba.”

Na dubi mijina, ya dube ni. Kalma ɗaya ce tsakanina da matar nan, tana kan harshena, rantsuwa ta danne ta. Baban Latifa ya ce abin da zai iya faɗa ke nan. Liman ya ce mata ta karɓa, yara ba sa cin suna, tuwo suke ci. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce ta gode.

Na ɗauki mayafi na raka ta, Latifa ta biyo ni ta riƙe mini hannu. Da muka kai bakin titi sai Fa'iza ta tsaya ta ce ta ga yadda na yi kuka, ta san ni mai tausayi ce, ni da ita abu ɗaya ya cuce mu. Ta ɗaga hannu sama a nan gefen titi, mutane na wucewa. Ta ce wanda duk ya ɗaga ƙarfen nan ya yi shiru aka lalata mata miji, Allah ya hana shi kwanciyar hankali, Allah ya nuna masa a kan abin da ya haifa. Ta tsaya tana kallona, tana jira.

Yaya, addu'ar wanda aka zalunta ce, kin san ba ta da shamaki. Hannun Latifa na cikin nawa. Na ce amin.

Sulemana ya dawo aiki jiya, na ji muryarsa daga nesa yana kiran kwandem. Bai shigo lungunmu ba.

Ga roƙona. In Malam ya yarda, ina so in ba Garuba Latifa ya kawo miki ita ranar Asabar, ta zauna wurinki ta yi karatu tare da yaranki su Hafsa. Na gaya wa Hajiya jinya ce ta yi mini yawa. Na sani Kumasi ba ta fi ƙarfin abin da aka roƙa ba, ba sai kin gaya mini ba. Amma ba na iya kallonta tana tsallaka gotar nan kowace safiya. Ba ta cin kuɓewa, kuma tana tsoron tsawa, in ana ruwa ki bar ta ta kwanta kusa da ke.

Ki gaida Malam da yara. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki fi ni ƙarfin hali a duk inda aka jarraba ki.

Ƙanwarki,
Ruhaina